Neman shawara: waɗanne littattafai zan karanta kan raunin Daular Rumawa da faɗuwarta?

Malamin Argungu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da 'yan'uwa, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Argungu, kuma wata tambaya da ɗalibina ya yi mini a makon jiya ce ta kawo ni gabanku. Na faɗa wa 'yan ajin cewa Daular Rumawa ta faɗi a shekarar 476 Miladiyya, kamar yadda yake a rubuce a littafin da muke amfani da shi. Yaron, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana aji uku, ya ɗaga hannu ya ce, idan haka ne, su wane ne Rumawan da Suratur Rum ta ce an rinjaye su kuma za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru, alhali surar ta sauka fiye da shekara 130 bayan wannan lokacin? Na ba shi amsar da na sani, cewa daular ta rabu biyu, ta yamma ce ta faɗi, ta gabas ta ci gaba. Ya karɓa cikin ladabi, amma ni kaina na san amsar ba ta ƙosar ba, domin da ya ƙara da tambayar me ya kayar da ta yamma ya bar ta gabas, da ban iya ba shi bayani mai gamsarwa ba.

Na sauke littafin Edward Gibbon a waya, domin kowa shi yake ambata, na yi kusan mako biyu ina fama da shi. Turancinsa na mutanen da ne, jimlolinsa dogaye, kuma na lura har yanzu ina cikin mujalladi na farko daga cikin shida. Abin da nake roƙo shi ne ku nuna mini littattafai biyu ko uku da mai matsakaicin Turanci zai iya gamawa cikin hutun zango, waɗanda za su bayyana dalilan raunin daular, ba jerin sunayen sarakuna kawai ba. Ina karanta Larabci gwargwado, saboda haka idan akwai na Larabci ma ina so. Allah ya saka da alheri.

Baba na Gusau:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa wannan yaro albarka, tambayarsa ta mai hankali ce. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma shawarata ta farko ita ce ka ajiye Gibbon tukuna. Mujalladinsa na farko ya fito a 1776, na ƙarshe a 1788, babi 71 ne gaba ɗaya, kuma an gano abubuwa da yawa a ƙarƙashin ƙasa da cikin tsofaffin takardu waɗanda bai taɓa gani ba. Za ka koma gare shi daga baya.

Ka fara da littafin Peter Heather mai suna *The Fall of the Roman Empire*, wanda ya fito a 2005. Yana da kauri, amma labari ne yake tafiya, kuma Turancinsa na zamaninmu ne. Ra'ayinsa a fili yake: a ƙarni na 4 daular ba ta kan gargarar mutuwa, tana karɓar haraji, tana biyan soja, gonakinta suna bayarwa. Abin da ya karya ta ya zo ne daga waje. Hunawa, makiyaya mahaya dawaki, sun taso daga gabas suka matsa wa ƙabilun da ke arewacin kogin Danub, sai Gotawa, ɗaya daga cikin ƙabilun, suka zo bakin kogin a shekarar 376 da matansu da 'ya'yansu suna neman a ba su mafaka. Balens, Sarkin Rum na ɓangaren gabas, ya yarda su ƙetaro, domin yana ganin ya samu sojoji a sauƙaƙe. Amma jami'an da aka ɗora wa ciyar da su suka mai da yunwarsu kasuwa, har marubucin zamanin, Ammiyanus, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya rubuta cewa ana ba su naman kare a karɓi 'ya'yansu bayi. Suka yi tawaye. Ranar 9 ga Agusta, 378, a Adiriyanobul, inda garin Edirne na Turkiyya yake a yau, suka hallaka kusan kashi biyu cikin uku na rundunar da ta fito musu, sarkin kansa ya mutu a filin daga.

A duk lokacin da na karanta wannan wuri sai in tuna da tarihinmu na nan Zamfara, yadda Gobirawa suka gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya ba su masauki a wajen Alƙalawa, suka zauna suka yi ƙarfi, har a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Babari, suka ci Birnin Zamfara. Ba na cewa al'amuran biyu ɗaya ne, amma idan ka ba ɗalibanka wannan misali za su gane nan take yadda baƙon da aka saukar zai iya zama mai gida.

Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne yadda ya bi sawun kuɗi. Wasu ƙabilun sun ƙetare kogin Rayin a ƙarshen 406, Alarik, shugaban Gotawa, ya wawushe birnin Rum a 410, amma a wurin Heather babban bugun shi ne na 439, lokacin da ƙabilar Bandalawa suka ƙwace birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. Arewacin Afirka shi ne rumbun daular yamma, daga can alkama da mai na zaitun da haraji mafi tsoka suke zuwa. Duk lardin da ya suɓuce, harajinsa ya tafi. Harajin da ya ragu, soja ya ragu. Sojan da ya ragu, wani lardin ya sake suɓucewa. A 468 gabas da yamma suka haɗa gagarumar rundunar jiragen ruwa domin ƙwato Kartaj, Bandalawa suka tura mata jirage masu cin wuta suka ƙone ta. Shekara takwas bayan haka wani kwamandan soja mai suna Odowakar ya tuɓe yaron sarki Romulus, sarkin yamma na ƙarshe, ya aika da kayan sarauta zuwa Kustantiniyya, babban birnin daular gabas. Ka ga ke nan 476 tuɓe rawani ne kawai, gidan ya riga ya zama kango.

Na biyu shi ne na Bryan Ward-Perkins, *The Fall of Rome and the End of Civilization*, shi ma na 2005. Ƙarami ne, za ka iya gama shi cikin kwana huɗu ko biyar. Marubucin masanin tona kufai ne, saboda haka hujjarsa tsingaro ce da ƙasusuwa da sulalla. Ya nuna cewa a zamanin ƙarfin daular talaka ma yana cin abinci a kwanon yumɓu mai kyau da aka kawo daga wata ƙasa, yana kwana ƙarƙashin rufin gasasshen yumɓu, yana ciniki da ƙananan sulalla. Bayan rushewar sai rufi ya koma jinka, sulalla suka ɓace daga kasuwannin ƙauye, a Birtaniya aka daina ƙera tukwane a kan na'urar juyi har tsawon kusan shekara 300, shanu ma suka ƙanƙance, kamar yadda ƙasusuwansu suka nuna. Kai da kake kusa da gidan tarihi na Kanta, kuma Surame ba ta yi maka nisa ba, ka san yadda ganuwa da tsingaro suke ba da labarin da babu shi a takarda. Wannan littafi zai koya maka yadda ake sauraronsu.

Malama 'Yar Gwandu:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na amfana da bayaninku, amma da izininku ina da gyara ɗaya. Littattafan biyu da kuka ambata duk suna kallon yamma ne, alhali tambayar yaron a kan gabas take, kuma mu da muka taso da Suratur Rum da hadisin Abu Sufyan a gaban Hiraƙal Sarkin Rum, wanda yake a farkon Sahihul Bukhari, gabas ɗin ce ta fi kusa da mu.

Malam, ina ba ka shawarar ka haɗa da ɗan littafin Peter Brown, *The World of Late Antiquity*, na 1971. Ya ɗauko daga wajen shekarar 150 zuwa 750, wato daga zamanin sarakunan Rum masu bautar gumaka har zuwa kafuwar daular Abbasiyawa, kuma cike yake da hotuna. Brown bai ɗauki wannan zamani a matsayin faɗuwa kawai ba, yana ganinsa zamanin sauyi ne, inda addini ya koma tsakiyar rayuwar mutane, birane irin su Iskandariyya da Antakiya da Kustantiniyya suka ci gaba da bunƙasa, aka tattara dokokin Rum a zamanin Sarki Jastiniyan, aka gina babban cocin Aya Sofiya a 537. Ward-Perkins ya rubuta nasa ne a matsayin martani ga irin wannan fahimta, yana ganin an tausasa labarin har an manta da kisa da yunwa. Idan ka karanta su a jere za ka ji muhawarar da kunnenka, kuma a ganina kowannensu yana da gaskiya a inda ya tsaya: wanda yake zaune a Birtaniya a shekarar 500 duniyarsa ta rushe, wanda yake zaune a Sham a wannan shekarar kuwa kasuwarsa tana ci.

Ga abin da za ka faɗa wa ɗalibinka. Mutanen gabas Rumawa suke kiran kansu, kuma da wannan sunan Larabawa suka san su. Sunan Bizantiya da ake gani a littattafan makaranta malaman Turai ne suka laƙaba wa daular bayan ta shuɗe. Farisawa sun ci Baitul Maƙdis a 614, suka wuce Masar, har aka ɗauka Rum ta ƙare. Hiraƙal, wanda ya yi sarauta daga 610 zuwa 641, ya fita da kansa daga 622, ya karya rundunar Farisa kusa da Ninawa a ƙarshen 627, aka yi sulhu a shekarar da ta biyo. Yaƙin, wanda ya fara tun kafin hawan Hiraƙal, ya cinye fiye da shekara 25, ya bar daulolin biyu a gajiye, baitulmalinsu a bushe. Sai ga yaƙin Yarmuk da Musulmi a 636, Sham ta fita daga hannun Rum, Masar ta bi baya cikin 'yan shekaru, Kartaj kuma ta shiga hannun Musulmi a 698. Ka lura, abin da Baba ya faɗa game da yamma shi ne ya maimaita kansa: lardunan da suka fi kawo haraji su ne suka tafi. Bambancin shi ne Kustantiniyya tana da ganuwa mai ninki wadda aka gina tun farkon ƙarni na 5, teku kuma ta kewaye ta ta ɓangarori, ga ƙasar Anadol a bayanta tana ba ta soja da abinci. Da haka ta rayu har zuwa 29 ga Mayu, 1453, ranar da Sultan Muhammadul Fatih ya shiga birnin, shekara 977 bayan tuɓe Romulus.

A kan wannan ɓangare, littafin Hugh Kennedy, *The Great Arab Conquests*, na 2007, yana da sauƙin karantawa, kuma yana aiki da madogaran Larabci kai tsaye. Walter Kaegi ya rubuta tarihin Hiraƙal shi kaɗai, amma wannan na masu zurfafa bincike ne. Don ranakun ƙarshe na birnin, akwai ɗan littafin Steven Runciman, *The Fall of Constantinople 1453*. Tunda kana karanta Larabci, kada ka bar *Futuhul Buldan* na Balazuri, domin a ciki za ka ga sharuɗɗan sulhun da garuruwan Sham suka yi ɗaya bayan ɗaya, abin da ke nuna yadda dangantakar mutanen larduna da fadar Rum ta yi sanyi. Akwai kuma littafin Asad Rustum, masanin tarihi ɗan Labanan, mai suna *Ar-Rum*, wanda ya bi siyasarsu da addininsu da hulɗarsu da Larabawa cikin Larabci mai daɗin karatu.

Ɗan Ƙaura:

Ina gaishe da iyayena da malamaina. Ni ba malamin tarihi ba ne, ma'aikacin kuɗi ne, amma wannan fanni ya daɗe yana cin dare na. Baba, ranku ya daɗe, ban gamsu da Heather gaba ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma Rumawa sun sha karo da ƙabilun arewa ɗaruruwan shekaru kafin 376 ba tare da sun faɗi ba. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne Adrian Goldsworthy a littafinsa *How Rome Fell*, na 2009, wanda bugun Ingila ya fito da sunan *The Fall of the West*, don kada Malam ya saya sau biyu. Shi yana ganin yaƙin basasa ne ya cinye daular. Tsakanin 235 da 284 an yi sarakuna sama da 20, akasarinsu sojojinsu ko abokan hamayyarsu ne suka kashe su. Daga nan kowane sarki ya fi tsoron janar ɗinsa a kan abokin gaba na ƙetare, sai aka rarraba runduna da larduna ƙanana-ƙanana domin kada wani ya tara ƙarfin juyin mulki, ma'aikata suka yi yawa, kowa yana kare kujerarsa.

Abin da ya shafi aikina shi ne kuɗin. Sulen azurfa da yake kusan tsantsa a zamanin Agustus, sarkin daular na farko, zuwa shekarun 260 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Farashi ya haukace, har Sarki Diyokiletiyan ya fitar da dokar ƙayyade farashi a 301, da hukuncin kisa ga wanda ya saɓa, kuma dokar ba ta yi aiki ba. Malam, idan ka karanta wannan sai ka buɗe *Muƙaddima* ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, wurin da yake bayanin yadda daula take fara da haraji kaɗan da kuɗin shiga mai yawa, ta ƙare da haraji mai nauyi da kuɗin shiga kaɗan, da kuma yadda take komawa dogaro da sojan haya idan zumuncin da ya kafa ta ya yi rauni. Ba a kan Rum ya gina littafin ba, amma zai ba ka ma'aunin da za ka auna maganar Turawan da shi.

Ma'aikaciyar Lafiya, Yawuri:

Salamu alaikum. Ina so in ƙara littafi ɗaya da ya zo ta wata ƙofa dabam, *The Fate of Rome* na Kyle Harper, wanda ya fito a 2017. Yana magana ne a kan annoba da sauyin yanayi. Ya bi manyan annoba uku: ta wajen 165, ta tsakiyar ƙarni na 3, da ta 541, wadda ta ɓulla a gaɓar Masar ta isa Kustantiniyya a shekarar da ta biyo. Binciken da aka yi wa haƙoran gawarwakin wancan zamani da aka tono a kudancin Jamus ya tabbatar da cewa ƙwayar cutar ɗa'un ce, wadda ƙuman ɓeraye suke yaɗawa, kuma jiragen da ke dakon alkama su ne suka yi dakon ɓerayen. Cutar ta riƙa dawowa har tsawon shekara 200, kuma annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da su, tana cikin wannan zango. Wasu masana sun soki Harper cewa ya kambama yawan mamatan, saboda haka Malam ya karanta shi bayan sauran, ba kafinsu ba. Amma duk wanda ya ga yadda amai da gudawa ko sanƙarau suke tsayar da noma a ƙauye guda cikin mako biyu, ba zai raina wannan dalili ba.

Malamin Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsara abin kamar haka: zan fara da Ward-Perkins da Brown tunda ƙanana ne kuma suna amsa wa juna, sannan in ba Heather sauran hutun, Balazuri kuma in riƙa karanta shi da dare. Malama, ranki ya daɗe, bayaninki kan Hiraƙal shi zan kai aji ranar Litinin. Baba, saura tambaya ɗaya: kun ce zan koma ga Gibbon daga baya. Idan lokacin ya zo, daga ina zan kama, kuma me zan kiyaye?

Baba na Gusau:

Malam, ka kama daga babi uku na farko, inda ya zana daular a ƙarni na 2 tana kan ganiyarta, da iyakokinta da rundunoninta da hanyoyinta, domin har yau ban ga wanda ya fi shi iya wannan zane ba. Daga nan ka tsallaka zuwa ƙarshen babi na 38, inda ya tsaya ya tattara ra'ayinsa kan faɗuwar yamma, yana cewa girman daular da ya wuce kima shi ne ya jawo rushewarta, kuma abin mamaki shi ne daɗewar da ta yi. Babi na 15 da na 16, kan yaɗuwar Kiristanci, su ne suka jawo masa faɗa da malaman coci tun yana raye, saboda ya bayyana yaɗuwar addinin da dalilai na duniya, a babi na 38 kuma ya ɗora wa addinin wani kaso na raunin daular. Amsar da ake ba shi tana nan kusa da bayanin 'yata ta Gwandu: gabas ta fi yamma riƙo da Kiristanci, kuma ita ce ta daɗe.

Abin da za ka fi kiyayewa shi ne babi na 50 da waɗanda suka biyo shi, kan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yaƙoƙin Musulmi na farko. Gibbon bai iya Larabci ba, da fassarorin Turawan zamaninsa ya yi aiki, kuma akwai maganganu a ciki da Musulmi ba zai yarda da su ba. Idan ka iso nan ka ajiye Ɗabari da Balazuri a gefenka, kana karantawa kana gwadawa. Akwai taƙaitaccen bugu a mujalladi ɗaya, akwai kuma taƙaitacciyar fassarar Larabci da aka buga a Masar, kowanne daga cikinsu zai ishe ka a karon farko.